Ƙugiyar da Kawu Ya Bari

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu kama hanya. Ya rasu da hantsi a ɗakinsa na unguwar Treichville da ke Abidjan, 'yan makonni bayan bindigogi sun yi shiru a cikin gari. Ba harsashi ne ya same shi ba. Hawan jini ne, wanda ya yi haƙuri duk tsawon rikicin, lokacin da babu kantin magani a buɗe, sai da aka fara samun lafiya sannan ya gabatar da kansa.

Na zauna zaman makoki da dama a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutum zai shigo, ya tuɓe takalmi, ya ce Allah ya jiƙan Alhaji, mu ce amin. Maƙwabtanmu da ba Hausawa ba su ce yako, gaisuwar ta'aziyyarsu ke nan, mu ce mun gode. Daga nan mai gaisuwa ya yi ɗan shiru na ladabi, irin na ɗalibin da yake son fita fitsari amma darasi bai ƙare ba, sannan ya matso kusa da kunnena.

"Malam, na san lokacin bai dace ba. Takardun nan fa?"

Wani tsoho mai sayar da goro, abokin Kawu tun suna yara, ya yi kuka na gaskiya har gemunsa ya jiƙe, kuma da hawayen a fuskarsa ya yi mini wannan tambayar. Mata ma a cikin gida ita suke yi wa Tanti, matar Kawu. Ban ga laifin kowa ba. Ni kaina da ita na bi gawa, da ita na dawo.

Ga abin da ake tambaya. Tun shekarun da aka fara duban sunan mutum kafin a dubi fuskarsa, Kawu ya riƙa karɓar takardun mutanen unguwa, na haihuwa da na shaidar zama ɗan ƙasa da na aure, yana ɗaukar hotonsu yana adanawa a kwamfuta, sannan ya mayar wa kowa nasa. Ya rubuta manhajar da kansa, ya sa mata suna Rumbu. Da rikici ya zo, gidaje suka ƙone, wasu ofisoshin da littattafan haihuwa suke aka watsa su a titi. Mutane da yawa suka wayi gari babu abin da ya rage na shaidar cewa an taɓa haihuwarsu sai abin da ke cikin Rumbu. Rumbu kuwa a kulle yake, mai makullin kuma mun baro shi a maƙabarta.

Cikin masu jiran har da Inna, mahaifiyata, ƙanwar Kawu. Ɗakinta na unguwar Adjamé Liberté ya ci wuta, akwatin ƙarfen da takardunta suke ya zama murhu. An haife ta a Treichville, ba ta taɓa kwana bakwai a wata ƙasa ba, amma ranar jana'izar yayanta a cikin tasin haɗaka da muke kira woro-woro ta zo tana karanta duk addu'ar da ta sani a kowane shingen hanya, don ba ta da abin da za ta miƙa in an ce papiye, wato takardu. An gaya mana kotu za ta iya sake mata takarda in mun kawo lambar rajistarta da ranar da aka shigar da ita. Inna ba ta san su ba. Kawu ne ya sani, shi ma ba a ka ya riƙe ba, a Rumbu ya ajiye.

Ba don in ba da labarin takardu na ɗauki alƙalami ba. Ina tsoron kada a tuna Kawu a matsayin ƙofar da ta ƙi buɗuwa, alhali mutum ne da ya yi shekara saba'in yana abubuwa.

Mahaifinsu falke ne na goro daga ƙasar Katsina, ya zo ya ga teku ya ce ya isa. Kawu ne ɗan fari, kuma shi aka fara kai wa makarantar Faransanci, abin da dattawan lokacin suka ɗauka kamar an ba da yaro sadaka. Ya fara aiki a ɗakin teles, na'urar aika saƙon waya, na wani kamfanin jiragen ruwa kusa da tashar, daga nan ya koma wani banki a unguwar Plateau, zamanin da kwamfuta guda take cin ɗaki guda kuma ita kaɗai ake kunna wa na'urar sanyi. Zuwa shekarun casa'in aikinsa ya zama tsaron bayanai, wato ya zauna ya yi tunanin yadda ɓarawo zai shigo cikin injin, ya riga shi toshe wurin. Dattawan masallaci ba su taɓa gane wannan ba. Suka yanke cewa mai gadi ne, suna mamakin mai gadin da yake ɗaura laƙtaye. Inna ce ta fi kusa da gaskiya, ta ce yayanta yana gadin abin da ba a gani ne daga mutanen da ba a gani.

Aikin ya bi shi gida. In ya ba ka adireshi a takarda, sai ya jira ka haddace ya karɓi takardarsa. Yakan ce ɓarawon kirki ba ya fasa ƙofa, sallama yake yi, ya tambayi lafiyar yara. Wata rana ya kira gidansa daga ofis, ya sauya murya, ya ce shi ma'aikacin hukuma ne, yana neman lambar katin maigidan. Tanti ta karanto masa ita tsaf. Ya dawo gida fuska a murtuke, ya fara wa'azi tun daga bakin ƙofa. Tanti ta bari ya gama, ta ce masa shekara talatin tana jin wannan muryar tana neman barkono a miya, don ya toshe hanci ba zai zama wani ba. Bai sake gwada ta ba, amma har ya mutu bai yarda ya ci jarrabawar ko ya faɗi ba.

Abin shaƙatawarsa ma na masu zargi ne. Ranar Asabar yakan hau Adjamé ya sayo tsofaffin kwaɗuna waɗanda makullansu suka ɓata, ya zauna bayan la'asar da 'yar waya yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a jikin ƙarfen kamar likita. Wanda ya buɗu cikin sauƙi ya jefa shi a bokiti da raini. Wanda ya ba shi wuya ya rataye shi a bango, ya riƙa nuna wa baƙi. Yana kuma kiwon tantabaru a saman ɗaki. Ya ce su ne kaɗai masu kai saƙo da bai taɓa kamawa suna karantawa ba.

Manhajojinsa duk da sunan Hausa ya raɗa musu. Akwai Kyanwa, wadda take kama cutar da ke bin faifan disket. Ya rubuta ta ne saboda wani mai buga wa mutane wasiƙa a tashar motar Gare de Bassam da injinsa ya fara cinye wasiƙun mutane, ya zo yana rantsuwa sammu aka yi masa. Kawu ya yi Lahadi uku a rumfar mutumin cikin hayaƙin motoci, da ya gama ya bar masa faifan, ya ce duk wanda ya zo da irin ciwon a ba shi ya kwafa. Akwai Ladan, mai lissafa lokutan salla, wadda ladanin gaske ya ƙi amincewa da ita don sun saɓa da minti biyu. Sai kuma Ƙugiya, wadda a kanta muka yi faɗa.

Kawu Hausar baki ya tashi da ita, rubutunsa na Faransanci ne. Ya girma kafin ya gano cewa harshen uwarsa yana da haruffa uku masu lanƙwasa da babu su a allon bugun Faransawa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya yi watanni yana zana su ɗigo-ɗigo, ya kore wasu haruffan Faransanci masu hula daga maɓallansu ya zaunar da namu. Ya ce sun daɗe suna zaune, su ma su ɗanɗana tsayuwa. Ranar da injin ya fara fitar da su, ya buga shafi guda na karin magana, ya kai harabar babban masallacin Treichville bayan Juma'a yana nuna wa dattawa, yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Ni kuwa a lokacin ban daɗe da dawowa daga kwalejin horon malamai a Najeriya ba, da takardar shaida a jaka da jan biro a aljihu, kuma ban san wanne ya fi nauyi ba. Takarda ta zo hannuna. Na ga kuskure guda, ƙugiya a inda ba ta da gurbi. Na zaro biro na kewaye kalmar, a gaban liman, a gaban abokansa, har na ƙara da bayani. Kawu ya karɓi takardarsa, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu. Wata takwas bai yi mini magana ba in ban da amsa sallama, ita ma don wajibi ce. Inna ta ce in je in durƙusa. Na ce ai gaskiya na faɗa. Ta ce gaskiya ma tana da lokacin fita kamar amarya.

Shi ya kawo ƙarshen abin. Ya aiko a kira ni in duba masa wani rubutu, kamar babu abin da ya faru. Da zan tafi ya ce, "Na gode da gyaran nan na masallaci, Malam. Na ajiye shi." Tun daga ranar Malam yake kirana, ban kuma taɓa tabbatar da ko girmamawa ce ba.

Kullen Rumbu ba son wahalar da mutane ba ne. Kawu ya ce tarin takardun nan magani ne a hannunmu, amma a hannun wani jerin sunaye ne, da unguwa da lambar ƙofa. Don haka ya ɗaure makullin a cikin wani ɗan kati irin na banki, wanda in an yi masa kuskuren kalmar sirri sau bakwai zai kashe kansa, kuma ko shi Kawun ba zai iya tashinsa ba. Mun ce ya cika tsoro. Sai ga shi a tsakiyar rikicin, da rana tsaka, wasu samari da bindigogi sun shigo gidan, sun ce an gaya musu tsoho yana da sunayen baƙi a inji. Kawu ya gaishe su da Faransancin da ya fi nasu, ya nuna musu tebur. Suka ɗauki allon kallon suka tafi da shi a ka, suka bar akwatin injin a ƙarƙashin tebur, don sun ɗauka abin ɗora ƙafa ne. Katin kuwa yana cikin kwanon daddawar Tanti. Bayan sun fita Kawu ya zauna a ƙasa, ya daɗe bai tashi ba. Tanti ta ce daga ranar ne ciwon kai ya kama shi.

Bayan sadakar bakwai, babbar 'yarsa, taubashiyata, ta aro allo ta kunna injin. Ita ma'aikaciyar kantin magani ce, haihuwar Abidjan, Hausarta tana tafiya ne da sandar Faransanci. Rumbu ya buɗe da layi ɗaya: Me Uwa take cewa in na dawo? Ta gwada sannu da zuwa. Ta gwada barka da dawowa. Ta gwada sunan mahaifinta. Uku sun tafi kafin ta tuna cewa akwai wadda ta san amsar.

Inna ta yi dariyar farko tun rasuwar. Ta ce ai Kaka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, kunya ba ta bari. Baƙo take ce masa, don ranar da aka haife shi fatake suka sauka a gidan. In ya dawo daga makaranta, daga baya kuma daga aiki, takan dube shi ta ce, baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Tsokana ce, wai kullum yana waje kamar raɓar da rana take ɗaukewa. Na tuna Kawu ya taɓa cewa gwanar tsaro ta farko da ya sani mahaifiyarsa ce, shekara hamsin tana riƙe da suna guda ba ta bari ya fita ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana adana shaidar cewa mu ba baƙi ba ne, Baƙo uwarsa take kiransa.

Taubashiyata ta buga karin maganar yadda ake rubuta saƙon waya, babu ƙugiya ko ɗaya. Kati ya ƙi. Ta sake da manyan haruffa. Ya ƙi. Saura biyu, sai ta aiko a kira ni.

"Malam Jan Biro, zo ka yi amfani sau ɗaya a rayuwarka," in ji ta.

Na duba abin da ta rubuta a takarda, na ce mata ta raba baƙon ne maimakon ta mai da shi raɓa, kuma da mahaifinta yana nan da ya nemi a sake duba takardar haihuwarta. Ta ce bawan gidansu dai ba ya rasa baki. Muka yi dariya, irin wadda ake yi a bakin ɗakin tiyata. Na kunna Ƙugiya, na buga kalmomin biyar daidai yadda kowane littafin makaranta zai rubuta su, na duba sau uku, na danna.

Ya ƙi.

Ban san yadda zan kwatanta kwana ukun da suka biyo baya ba. Saura gwaji ɗaya, kuma ni na ci na shida da cikakken tabbaci. Na shiga aji na koyar da darasin da ban san me na ce ba. A hanya mutane suna gaishe ni da ido. Tsohon mai goro ya aiko mini da goro fari guda goma ba tare da saƙo ba, wanda ya fi kowane saƙo nauyi. Wani masanin kwamfuta da aka kawo ya duba ya ce za a iya kwafe abin da ke cikin injin, amma ba tare da katin ba tamkar kwafe duhu ne. Inna kuwa ta daina zuwa kasuwa, don akwai shinge a kan hanyar, take aiken maƙwabciya.

A rana ta uku Tanti ta ba ni rigunan Kawu in raba wa mabukata. Ina lalube aljihu kamar yadda ake yi, ban sami komai ba, Kawu ba ya barin takarda a aljihu. Amma hannuna a cikin aljihun farar rigar Juma'arsa ne na tuna wata takarda da aka ninke huɗu, da kalmar da na kewaye. Kaba ce. Kawu ya rubuta ta kaɓa. Haihuwar bakin teku ne, bai taɓa ganin kaba a tsaye a daji ba, a kunnensa kawai ya san ta, kuma kunnen ya ɗaura mata ƙugiya don ta yi daidai da raɓa.

Na ajiye shi, ya ce. Shekara kusan ashirin ina ɗauka gyaran ya ajiye.

Sai dai tunawa ba tabbaci ba ce. Wataƙila gyaran ya ajiye da gaske, kuskuren yana wani wuri dabam, a waƙafi ko a tazara, ko Inna ta manta wata kalma. Na faɗa wa taubashiyata duk wannan a gaban injin, da safe, Inna da Tanti suna zaune a bakin gado. Ta ce mahaifinta yakan ce ɓarawo da ƙamus yake zuwa, yana gwada kalmomin da suke daidai, don haka abin da ya fi tsaro shi ne kuskuren da kai kaɗai kake yi. Na ce na san maganar, amma in na yi kuskure a kan kuskuren fa?

Inna ce ta yanke. Ta ce, "Ni na san yayana. Ba a taɓa gyara masa abu a gaban mutane ya gyaru ba. Buga yadda ya rubuta."

Shekara wajen ashirin ina koyarwa, ban taɓa rubuta kalma ba daidai ba da gangan. Yatsana ya tsaya a kan maɓallin har taubashiyata ta ce in ba zan iya ba in gaya mata inda ƙugiyar take. Na ce a'a, wannan nawa ne. Na sa ta a inda na taɓa kewayewa da ja, na yi bisimilla, na danna.

Injin ya yi ɗan gurnaninsa na tsufa. Sai sunaye suka fara sauka, gida-gida, kowanne da unguwarsa. Taubashiyata ta nemo na Inna ta buɗe, ga takardar, da lambarta, da hatiminta, har da inda kyankyaso ya ɗan ci gefenta tun kafin wuta ta cinye sauran. Inna ba ta iya karatun boko ba. Ta matso, ta sa yatsa a kan gilashin, ta tambaya ko nan ne aka ce an haife ta. Aka ce nan ne. Ta ce to, dama ta sani.

Mun yi mako biyu muna bugawa muna rabawa, kowa nasa kawai, a hannunsa, yadda Kawu yake yi. Takardar Inna tana kotu, an ce mu dawo, kuma a garin nan a ce ka dawo ma ci gaba ne. Kada mai karatu ya damu da cewa na tona asiri, taubashiyata ta sauya kalmar tun ranar, ta kuma ƙi gaya mini sabuwar. Ta ce akwai kuskure a ciki, nata na kanta, kuma ba ta son a gyara mata.

Kwaɗunan suna nan a bango. Tantabarun Tanti take ba su hatsi, tana yi musu faɗan da ta saba yi wa mai su. Ranar sadakar arba'in mutane sun zo, sun ce Allah ya jiƙan Alhaji, sun yi shiru, kuma shirun bai da wata tambaya a bayansa. A ranar ne na ji an fara makokin Kawu.

Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ƙofar da zai tarar a can ta buɗe masa tun gwajin farko. In kuwa an sami wata ƙugiya a littafinsa a inda ba ta da gurbi, ya Ubangiji, ka rufa masa asiri, kada ka yi masa irin abin da na yi masa a harabar masallaci.